Gwaggo da Haruffa Bakwai

Duk ranar Asabar bayan la'asar falonmu ba nawa ba ne. Maigidana, wanda kowa ke kira Malam saboda Turanci yake koyarwa a makarantar sakandare, yakan ja teburin cin abinci zuwa bakin taga, ya shimfiɗa allon wasan jera kalmomi, ya ajiye jakar haruffa a tsakiya, sannan ya ɗauko ƙamus. Ƙamus ɗin nan ya girmi aurenmu. Bangonsa ya rabu da shi tuntuni, ni ce na ɗaure masa baya da filastar asibiti don kada ya watse.

Su uku ne ke wasan. Akwai Mai Magani, wanda shagonsa ke kan kwanar layinmu, mutum ne mai haƙuri amma in layi ya zo kansa sai shayin kowa ya huce kafin ya ajiye harafi ɗaya. Akwai Injiniya, mai gyaran injinan ruwa, shi ke rubuta maki saboda rubutunsa ya fi na kowa kyau. Sai Malam. Yadda ake yi shi ne, kowa ya zari haruffa bakwai daga jaka ba tare da ya leƙa ba, ya jera su a ɗan katakon da ke gabansa, in layinsa ya zo ya haɗa kalmar Turanci a kan allo, ta sarƙe da wadda ke can. Wanda bai yarda da kalmar wani ba sai ya ce a buɗe ƙamus. In babu ita, mai ita ya kwashe haruffansa. In akwai, mai gardamar ne zai rasa layinsa.

Kusan kullum Malam ke ci. Ba ya fariya da baki, amma akwai wani ɗan murmushi da yake yi yana mayar da haruffa cikin jaka, wanda ni da na zauna da shi shekara goma sha ɗaya na san fassararsa.

A haka Gwaggo ta zo mana. Ƙanwar mahaifin Malam ce, kuma ita kaɗai ta rage a cikinsu. Yanar ido ce ta rufe mata gani har ta kai ba ta gane fuska sai murya. Tunda a ɗakin gwajin jini na asibiti nake aiki, ni na nema mata ganin likita, aka ce za a yi mata aiki a ido ɗaya, bayan 'yan makonni a yi ɗayan. Muka gyara mata ɗakin baƙi. Abin da na sani game da ita bai da yawa: ta yi shekara talatin da biyu tana buga tafireta a wani kamfanin shigo da kaya, ta yi ritaya, ta koma gida. A dangi ba a cewa komai sai “Gwaggo mai aikin ofis”. Ban taɓa jin ta yi Turanci ba, sai in ta ɗauki waya. Abu ɗaya dai na lura da shi, in ana labarai da Turanci a rediyo, yatsunta kan riƙa motsi a kan gwiwarta, ita kuma ba ta ma san suna yi ba.

Ranar da aka cire mata bandeji daga idon farko, tun a mota ta fara karatu. Ta karanta bayan motar da ke gabanmu, ta karanta allon gidan mai, muna isa gida ta karanta gwangwanin madara da kalandar bango har da 'yan ƙananan rubutun ƙasa. Da ta leƙa ta taga ta ga shagon mai wanki da guga da ke tsallaken titi, sai ta ce in gaya wa yaron nan wanda ya rubuta masa allo ya cuce shi, ya ci masa harafi ɗaya. Na duba, na sake dubawa. Shekara huɗu ina wuce allon nan ban gani ba.

Asabar ɗin da ta biyo, ta fito da baƙin tabaron da likita ya ba ta, ta zauna a kujerar da ke bayan Mai Magani, wai tana shan iska. Aka gaisa, aka yi mata ya jiki, aka ci gaba da wasa. Ina shigowa da tire na tarar layi na kan Mai Magani, ya tsura wa haruffansa ido yana mita. Ya ce harafin J ya maƙale masa tun farkon wasa kamar ƙaya a wuya. A ƙarshe ya ɗauki haruffa biyar zai ajiye round, ya haƙura da sauran.

“Ɗana, dakata,” in ji Gwaggo. “Duka bakwai ɗin za ka zuba.”

Ya waiwayo ya dube ta. Ta miƙa hannu ta kafaɗarsa, ta juya haruffan nan a kan katako da yatsa biyu, da sauri kamar mai tsince tsakuwa. Suka zama adjourn. Ta nuna masa wani S da ke zaune shi kaɗai a gefen allo, ta ce ya jingina ta can. Wanda ya zuba bakwai a lokaci ɗaya ana ƙara masa maki hamsin, kuma Mai Magani bai taɓa samun wannan ba tunda aka fara wasan a gidan nan. Injiniya ya ajiye biro yana dariya. Malam ya ce ai ba a sa baki daga waje. Gwaggo ta ce to a ba ta kujera ta shigo ciki.

Auta take kiran Malam, don shi ne ƙaramin 'ya'yan yayanta, kuma ba ta fasa ba ko a gaban abokansa. Ya kawo mata kujera da kansa, ya yi mata bayanin maki a hankali kamar yana gaban 'yan aji ɗaya, har da cewa kada ta damu in ta zo ta ƙarshe, kowa da haka ya fara. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ta gode.

Ta ba shi ratar maki sittin da ɗaya.

Ni ranar ban koma kicin ba. Kalmomin da take ajiyewa ba irin nasu ba ne. Su suna ta fama da sunayen dabbobi da kayan ɗaki, ita kuwa sai ta sauke quorum, ta sauke annex, ta sauke hereby, duk ba ta ɓata minti ɗaya. Da ta zuba proximo, bakwai cif, har da X a kan gidan da ake ninka maki, Malam ya kasa daurewa. Ya ce shekararsa ashirin yana koyar da Turanci bai taɓa cin karo da wannan ba, a buɗe ƙamus. Injiniya ya buɗe, ya bi da yatsa, ya karanta: tsohuwar kalmar wasiƙun kasuwanci ce, ma'anarta watan gobe. Malam ya rasa layinsa.

Abin mamakin shi ne, Gwaggo ta fi kowa sauraron abin da Injiniya ya karanta. Ta ce ashe watan gobe ake nufi, shi ya sa kullum bayan kwanan wata take zuwa. Mai Magani ya tambaye ta, wai da ba ta san ma'anarta ba? Ta ce ina fa. Manaja ya rubuto da hannu, ko ya tsaya a kanta yana faɗa, ita kuma ta buga. Aikinta kada harafi ya ɓata, don in ya ɓata sai an sake takardar daga farko, ita da kwafinta uku. Babu wanda ya taɓa biyan ta don ta tambayi ma'ana, kuma babu lokacin tambayar.

Amma da suka matsa mata sai ya zamana ba wai ba ta san komai ba ne. Ta san kowace kalma da inda take zama da irin mutanen da take tafiya da su. Ta ce adjourn a ƙasan takardar taro take, in ta hango ta ta san ta kusa zare takarda ta je ta ci abinci. Quorum kuwa a sama take, kuma ranar da sunayen mahalarta suka yi kaɗan ne ake yawan ambatonta. Duk wasiƙar da ta fara da regret gajera ce, kuma wanda aka aika wa ba ya zuwa godiya. Injiniya ya ce to urgent fa? Ta ce wannan ta san ta sarai, ma'anarta manaja ya manta da takarda a aljihun tebur sati biyu. Mai Magani ya yi dariya har sai da ya cire tabaronsa ya goge ido.

Asabar ta biyu ta ci. Ta uku ma ta ci, da ido ɗaya a rufe, don an yi mata aiki na biyu a ranar Talatar makon. Labari ya kai shagon Mai Magani, daga can ya bi layi. Har mai wanki da guga ya aiko a tambaya wane harafi ne aka ci masa.

Malam kuwa, na ga ya fara tafiya makaranta da wata 'yar takarda a aljihu, yana leƙawa yana motsa baki. Ran Lahadi muna karyawa, Gwaggo ba ta fito ba tukuna, ya ce mini yana ganin akwai gyara a dokokin wasan nan. Wasa ai don ilimi ake yi. Bai kamata mutum ya ajiye kalmar da bai san ma'anarta ba. Daga yanzu duk wanda aka tambaya ya kasa faɗa, ya kwashe haruffansa. Na ce masa shekara nawa kuna wasan nan ilimin bai dame ka ba sai da tsohuwa mai ido ɗaya ta kayar da kai sau uku? Ya ce ban fahimce shi ba. Na ce na fahimce shi tun kafin ya buɗe baki.

Ashe tana bakin ƙofa. Ta shigo ta zauna, ta jawo kofinta, ta ce dokar ta yi mata, amma da sharaɗi. Tunda Auta malami ne, kuma tana zaune a gidansa ba ta aikin komai, kullum in ya dawo daga makaranta zai zauna da ita awa ɗaya. Ita za ta kawo kalmomi, shi ya kawo ma'ana. A ba ta sati uku. Ya amsa da sauri, ina jin a ransa yana ganin abu ne na kwana biyu.

Washegari ya dawo ya tarar ta cika shafi huɗu na littafin rubutu, layi biyu-biyu, duk daga ka. Haka suka fara. Ina dawowa daga aiki in same su a bakin taga, shi da ƙamus a cinya, ita da biro. Rabin kalmomin ya sani, rabi sai ya duba. In ya faɗi ma'ana takan tuna wasiƙar da ta gan ta a ciki, wani lokaci ta ce haka ne kuwa, wani lokaci ta tafa hannu ta ce ashe abin da suke ƙullawa ke nan. Ta gano cewa wata shekara ta buga takardun ƙarar da kamfaninsu ya kusa rushewa a kai, ita tana can tana murna an sami aikin ƙarin lokaci. Ta gano wani akawu da take ganin mutumin kirki ne ashe wasiƙun da yake kawo mata duk na kai ƙarar abokan aikinsa ne.

Shi ma bai tsira ba. Lokacin shirya jarrabawa ne, ya bar takardun tambayoyinsa a kan tebur, ta ɗauka don ta gwada sabon idonta. Da ya dawo ya tarar ta zagaye wurare biyar da jan biro. Ya ce kuskuren na'ura ne. Ta ce na'urar ce ta rubuta da hannunsa? A ƙarshe ya buɗe mata kwamfutarsa. Ta shafa madannan, ta yi ƙorafin sun yi laushi kamar ba su ci abinci ba, sannan ta ɗora yatsu, ta kafe ido a kan takardar, ta buga shafi shida ba ta dubi hannunta ko sau ɗaya ba. Malam ya tsaya a bayanta hannu a ƙugu. Da ta gama ya ce, a hankali, shi kwana biyu yake yi a kan wannan.

Wata ranar Alhamis na dawo da wuri, ina yanka albasa a kicin, ta shigo ta jingina da firij. Ta miƙo mini ambulan ɗin maganinta, ta rubuta wata kalma a baya. Ta ce wannan ba ta sa ta a littafi ba, ba ta son Auta ya fara gani. In faɗa mata gaskiya, kada in rage. Na goge hannu na karɓa. An rubuta indispensable.

Kafin in yi magana ta ɗaga hannu, ta ce bari ta gaya mini inda ta samo ta. A shekararta ta tara a kamfani aka ce za a tura mutum ɗaya babban ofis kwas na wata shida. Wanda ya dawo zai zama sakatare, da ofishinsa, da mai buga masa takarda. Ta rubuta ta nema. Bayan sati biyu manaja ya ajiye mata amsar da zai aika wa babban ofis, cikin sauran takardu, don ita ke buga komai. Layi uku ne. Ta ga regret a farko, ta ga sunanta a tsakiya, ta ga wannan kalma a ƙarshe. Ta riga ta buga takardun kora da yawa, ta san kalmomin da ke farawa da waɗannan haruffa biyu, I da N: na wanda bai iya aiki ba, na wanda ba ya jin magana, na wanda bai isa ba. Ta ce a ranta to ita ma tata ke nan. Ta buga, kwafi uku, babu kuskure, ta kai masa ya sa hannu. Akwai ƙamus a kan kantar ofishinsa, kullum tana ganinsa, ba ta taɓa buɗewa ba don ba ta son ta ga abin da idonta. Ba ta sake neman komai ba har ta yi ritaya. Sai dai ta ƙara ƙwazo, don kada wata rana a rubuta wadda ta fi ta muni.

Na ce, “Gwaggo, ma'anarta wanda ba a iya yi sai da shi.”

Ta ce in sake faɗa. Na sake. Na ce mata manajan cewa ya yi ba zai iya sakinta ba, don in ta tafi ofis ɗin zai tsaya. Ta dube ni kamar tana neman alamar lallashi a fuskata, sannan ta ɗaga murya ta kira Auta ya zo da ƙamus. Ya zo, ya duba ambulan, ya buɗe, ya karanta, ya fassara, daidai da abin da na faɗa. Ya tambaya ko lafiya.

Ta karɓi ambulan ɗinta ta ninke. Ta ce, “Ashe yabona ya yi ya ɗaure ni. Da zagina ya yi ya bar ni na tafi, da ya fi mini.” Ta wuce ɗakinta. Ranar ba a yi darasi ba, abincin ma kaɗan ta taɓa. Daga baya na ba Malam labarin.

Da safe na same ta ta riga ni shiga kicin, ta ɗora ruwan shayi, tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Ta ce ta gama da manajan nan. Ta zage shi iya son ranta, sannan ta tuna ya daɗe da rasuwa, ta yi masa addu'a. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi ma ba kwas ɗin ba ne, yarinyar da aka tura a madadinta ce, wadda har ta bar kamfanin ba ta san ko E ke gaba ko I a cikin receive ba. Sai ta fashe da dariya, ni ma na taya ta, ko da yake idona ya kawo ruwa. Ta ce shekara ashirin da shida tana tafe a ofis ɗin nan kamar mai laifi, ashe ita ke riƙe da su. Daga nan ta ce in gaya wa Auta yau awa biyu za su yi, akwai bashin jiya na darasi.

Asabar ɗin da sabuwar doka ta fara aiki ita ce ta ƙarshe kafin ta koma gida. Likita ya sallame ta, ido biyu tangaran. Injiniya ya zo da sabon littafin maki, Mai Magani ya rufe shago da wuri. Har matarsa ta biyo shi, ta ce ita kallo ta zo yi, muka zauna tare a doguwar kujera.

Gwaggo ta yi wasa a hankali fiye da da. Sau biyu na ga ta jera doguwar kalma a katakonta, ta dube ta, ta rushe, ta ajiye gajera wadda ta tabbatar da ita. Duk wadda ta ajiye Malam sai ya tambaya, ita kuma ta amsa, wani lokaci da fassarar ƙamus, wani lokaci da tata. Da ta sa lien ta ce shi ne ka riƙe kayan mutum har ya cika alkawari, Injiniya ya duba ya ce an yarda. Sau ɗaya ta faɗi. Ta ajiye escrow, aka tambaye ta, ta ce ta san dai lauyoyi ke kawo ta kuma ba ta zuwa sai da hatimi. Malam ya ce wannan adireshinta ne, ba ma'anarta ba. Ta kwashe haruffanta ba gardama, ta ce gaskiyarsa.

Can wajen ƙarshe jaka ta ƙare, Malam na gaba da maki tara, saura haruffa biyu a hannunsa, A da I. In ya ajiye su ya gama, ya ci. Ya duba allo, ya sami wani lungu, ya ajiye su a jere. Wannan na cikin 'yan kalmomin haruffa biyu da ya yi ta haddacewa daga takardar aljihunsa. Ya fara tattara katakonsa.

Gwaggo ta ce, “Auta, mene ne ma'anarta?”

Ya ce akwai ta a ƙamus, kowa na iya dubawa. Ta ce ba ta musa ba, ma'ana ta tambaya, doka ce. Ya gyara zama, ya dubi silin, ya buɗe baki ya ce, “Ai…”

“Ita muke tambaya,” in ji Gwaggo.

Matar Mai Magani ta kife a kafaɗata. Injiniya ya kasa riƙe biro. Malam ya yi ƙoƙari, ya ce yana jin wani irin tsuntsu ne, ko kuma kogi. Aka buɗe ƙamus, Injiniya ya karanta yana share hawaye: wata dabba ce mai yatsu uku da ke rataye a bishiya, wadda saboda nawa takan wuni ba ta sauya reshe ba. Ya ɗago ya dubi Mai Magani, ya ce ashe ɗan'uwanka ne. Mai Magani ya ce shi dai bai taɓa kafa dokar da ta kama shi ba.

Malam ya kwashe haruffansa biyu. Gwaggo ta ajiye ukun da suka rage mata, tax, ta ce wannan ko jariri ya san ta. Ta ci da maki huɗu. Na zuba wa Malam ido don in ga yadda zai yi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya yi dariya, ta gaske, har da buga tebur, ya ce gobe zai ba 'yan ajinsa labarin nan da bakinsa kafin su ji a wani wuri.

Ran Litinin Injiniya ya zo da motarsa ya kai Gwaggo tasha. Mai Magani ya tsayar da mu a kwana, ya fito da wani allon wasa sabo fil a kwalinsa, ya ce shekara uku da saye bai taɓa buɗewa ba, gara ya je inda za a yi amfani da shi. Malam kuma ya sayo mata ƙamus mai manyan haruffa, ya rubuta wani abu a shafin farko bai bari na gani ba. Ta karanta a cikin mota, ta rufe, ta ce rubutun ba kuskure, ta ba shi maki cikakke.

Bayan sati biyu ta kira ni ina wurin aiki. Ta ce ta nemo tsohuwar abokiyar aikinta, wadda ke haɗa waya a kamfanin a zamaninsu. Matar nan, in ji Gwaggo, Turanci a bakinta kamar mai karanta labarai, ta san ma'anar komai, amma in ka ce ta rubuta sai ka tausaya wa takarda. Sun sami tsohon masinjan ofis yana rubuta musu maki, ko da yake suna zargin yana ƙara wa wadda ta fi ba shi shayi. Ran Laraba suke yi, don ran Asabar jikokin matar na cika gidan. Na tambaye ta wa ke ci. Ta ce har yanzu ba a kai ga gama wasa ɗaya ba, gardama ke cinye lokacin, amma in gaya wa Auta ya bar wayarsa a kunne ran Laraba da yamma, don sun naɗa shi alƙali.